Auta Mai Fanka Ya Ɗaukaka Ƙara

Auta mai gyaran fanka ne. Ya haura hamsin, gemunsa ya fara fari, 'ya'yansa mata duk sun yi aure, amma da yake shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya biyo shi har shago, yaran unguwa ma Baba Auta suke ce masa. Shagon ɗan tsukuku ne, a maƙale tsakanin mai aski da mai katifa, cike da matattun fankoki da dutsen guga da wayoyi a cukurkuɗe. A kan sana'arsa ba a ja da shi. Daga tsallaken titi in ya ji kukan fanka zai gaya maka abin da ke damunta. Matsalarsa biyu ce: duk abin da aka gaya masa sai ya yarda, sannan gara a yanka shi da a ce an yi masa wayo.

Wata rana ya tashi ya ce ya gaji da sayen kayan gyara a hannun dillalai, zai tsallaka iyaka da ƙafarsa ya saro daga tushe. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, kowa na ce mata Anti Tela, ta ɗaga ƙafa daga kan keke ta dube shi.

"Baban yara, ka je lafiya ka dawo lafiya. Abu ɗaya na roƙe ka. Ko allura aka ba ka saƙo, kada ka karɓa."

"Ni za ki koya wa duniya?" in ji Auta. "Ina yawon tasha tun ba ki san hannun damanki ba."

Bai taɓa wuce garin da ke gaba da nasu ba, amma ta ƙyale shi ta ci gaba da taka kekenta.

Ya je, ya yi sayayyarsa lafiya lau. A tashar dawowa ne, yana zaune kan buhun kayansa, wani mutum mai tsadadden agogo da ƙamshin turare ya zo ya durƙusa a gabansa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, tun ɗazu nake duba fuskokin mutane, ban ga mai kama da babban ɗan kasuwa ba sai kai."

Auta ya gyara zama. Mutumin ya ce mahaifiyarsa na kwance ba lafiya a can garin su Auta, zafi ya hana ta sakat, ga fanka ya saya mata amma aiki ya riƙe shi. In Auta zai taimaka, ƙanensa zai tare shi a tasha ya karɓa. Ya kawo wata fanka mai tsayawa, tsohuwar ƙira. Auta ya ɗaga ta ya ji nauyi kamar an ɗura mata siminti, ya jinjina kai.

"Ka iya saye," ya ce. "Ƙarfe zalla. Yanzu ba a yin irinta."

A ransa kuma ya ce ai allura aka hana shi karɓa, ba a ambaci fanka ba.

A bakin iyaka jami'an kwastan suka sauke kowa suka duba kaya. Wanda ya duba na Auta ya leƙa buhu, ya ga wayoyi da kusoshi, ya dubi fankar ya yi tsaki.

"Baba, wannan tsohuwar gwangwanin ma har wahalar ɗaukota ka yi? Wuce da tarkacenka, ko juyawa ba za ta yi ba. A sauka lafiya."

Auta ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ya janye ta.

"Wace ce ba za ta juya ba?"

Kafin jami'in ya ankara, Auta ya rungumi fanka ya afka ofishinsu, inda shugabansu ke shan shayi. Ya zaro abin kwance kusa daga aljihu, ya buɗe bayan injin don ya nuna musu ingancinsa. Sai ya ga an cunkusa wasu ledoji a ciki. Ya ce lallai mai fankar nan mai kula ne, har matashi ya yi wa inji saboda gargadar hanya. Ya caccaka ledojin ya tura su gefe don iska ta samu hanya, ya jona wa fanka wuta, ya danna lamba mafi ƙarfi.

Farar hoda ta turnuƙe ofishin. Shugaban kwastan ya koma kamar wanda aka tsamo daga buhun fulawa, kofin shayi a hannunsa, girarsa fara fat. Kowa atishawa. Ana ta ihun a kashe, a kashe, shi kuwa Auta yana tsaye a tsakiyar hayaƙin yana ɗaga murya.

"Ta juya ko ba ta juya ba?"

Hodar iblis ce. Ƙanen da zai tare shi a tasha, har yau ba wanda ya ga ƙeyarsa.

A kotu gwamnati ta ba shi lauya, wani matashi mai zuciyar kirki da bai daɗe da fitowa makaranta ba. Ya zauna da Anti Tela ya ji tarihin mijinta, ya ga shari'a ta zo da sauƙi. Ranar zama ya miƙe ya gyara riga.

"Ya mai shari'a, wanda nake karewa ba ɗan fataucin ƙwaya ba ne. Sakarai ne kawai. Yaro ɗan firamare zai iya sayar masa da inuwar bishiya. Bai san abin da ke cikin fankar nan ba, kamar yadda bai san yawancin abin da ke faruwa da shi ba."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Cikinsu har da mai aski da mai katifa. Auta ya waiga ya gan su, jini ya hau masa kai.

"Wa kake kira sakarai?" ya daka tsawa daga cikin akwatin masu laifi. "Ni za a sa wa abu a fanka ban sani ba? Ni? Na sani sarai! Tun kafin in ɗaga ta na sani!"

Alƙalin ya sha zama tun safe, ga tarin shari'u na jira. Ya rubuta maganar Auta kalma da kalma, ya ce tunda mutum ya amsa da bakinsa ba sai an ɓata lokaci da shaidu ba. Ya ba shi shekara goma sha biyu. Aka fita da Auta yana harar mai aski.

Auta na da yaya mace, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, muryarta ba ta bukatar lasifika, kuma kowa a dangi Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita da Anti Tela suka yi kukansu suka gama, sannan suka shiga neman lauyan da zai ɗaukaka ƙara. Aka kwatanta musu wata mata da ke da ofis a saman wani kantin magani, aka ce ta ƙware, kuma ba a taɓa ganin haƙorinta ba.

Suka same ta a bayan tebur, gajeriya, tabarau a kan hanci, takardu jibge har kan taga. Ta karɓi bayanan shari'ar ta fara karantawa. Da ta zo wurin ofishin kwastan sai ta cire tabarau, ta tashi ta je taga ta juya musu baya. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Can ta dawo ta zauna, fuska a ɗaure, ido jajir.

"Akwai hanya," in ji Lauya. "Alƙalin ya yi kuskure. Ihun da mutum ya yi cikin fushi, ba rantsuwa, ba tambaya, ba a ɗaure shi da shi. Kuma ya hana a ji shaidunku. Zan roƙi kotun sama ta ji su. Amma ku sani, abin da lauyan farko ya faɗa shi zan faɗa. Dole in nuna wa alƙalai cewa mutumin nan ana yi masa wayo."

"Wannan ai ba wuya," in ji Yaya. "Kwana nawa kotun za ta ba mu?"

"Wuyar ita ce sai ya sa hannu da kansa."

Anti Tela da Yaya suka dubi juna.

Ranar ziyara Anti Tela ta raka Lauya gidan yari. Ta taho da sabulu da burodi da man shafawa, tana ta shirya zuciyarta don ganin mijinta a rame. Suka zauna kan dogon benci a ɗakin ziyara. Ƙofa ta buɗe, sai ga Auta ya shigo, ya yi ƙiba, kumatu sun fito, kayan fursunan nasa a goge har da kari. Wasu ƙarti biyu na biye da shi, ɗaya na yi masa fifita da kwali, ɗayan ya riga shi zuwa benci ya kaɗe ƙura.

"Zauna, Giwa," in ji ƙaton.

"Giwa?" in ji Anti Tela.

"Ku ba mu wuri," Auta ya ce wa ƙartin, ba tare da ya dube su ba. Suka ja da baya suka tsaya jikin bango.

Ashe labarinsa ya riga shi shiga gidan. An ce wani gawurtacce ne ya shiga ofishin kwastan da rana tsaka ya buɗe su da hoda don ya nuna musu ba ya tsoron kowa, ya kuma tsaya gaban alƙali ya ce shi ne, a yi abin da za a yi. Auta bai ƙaryata ba. Da aka matsa masa da tambaya ma sai ya ɗan ƙara gishiri. Zuwa wannan lokacin yana da jiragen ruwa, da wani gida a bakin teku wanda bai cika son maganarsa ba. Ba ya wanki, ba ya layin abinci, katifarsa ce ta kusa da taga.

Lauya ta ajiye takarda a gabansa ta miƙa masa biro. Ya ce a karanta masa tukuna. Ta karanta har ta zo inda aka ce wanda ya ɗaukaka ƙara mutum ne mai ƙarancin wayo. Auta ya tura takardar da ɗan yatsa.

"Kin ji irinta ko? Wancan yaron ya zage ni da baki, ke kin zo da naki a rubuce."

"Malam Auta, wannan kalmar ce za ta fitar da kai."

"To ta zauna, ni ma in zauna."

Lauya ta numfasa. "In sa mai saurin yarda?"

"Yaro ne ni?"

"Wanda bai saba da tafiya ba?"

Ya waiga ya dubi ƙartin, ya rage murya. "Ki yi a hankali, mutanen nan sun san na zaga duniya."

"Mai kyautata zato ga bayin Allah."

Auta ya shafa gemu. "Wannan da ɗan dama. Ki ƙara ƙwararre a gaba."

Ta ƙara. Ya sa ta sake karantawa, ya saurara ido a lumshe, sannan ya ce ya ji daɗin gyaran amma duk da haka ba zai sa hannu ba. Shekara goma sha biyu ai kamar gobe ne. A nan ana ganin girmansa. A waje kuwa mai aski na nan da bakinsa.

Anti Tela ta ɗaure bakin ledar da ta zo da ita, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Shi ke nan, Lauya, mu tafi. Dama unguwa ta samu wani. Mai gyaran rediyon nan na ƙarshen layi, shi ke karɓar fankoki yanzu."

Auta ya buɗe ido. "Wa? Wannan da ko fulogi bai iya ɗaurawa ba?"

"Shi. Jiya ma na wuce na ga yana ɗura wa fankar mai katifa man girki."

"Man girki? A inji?"

"Da cokali. Mutane suka tambaye shi, ya ce a wurinka ya koya."

Auta ya fizgi biro har sai da ya tsaga takardar wurin sa hannu.

Da suka fito bakin titi suna jiran mota, Lauya ta dubi Anti Tela ta saman tabarau. "Da gaske da cokali?"

"Mai rediyon tun bara ya koma sayar da takalma," in ji Anti Tela.

Aka yi watanni ana jira, a sa rana a ɗaga, a sa rana a ɗaga. Daga ƙarshe kotun ɗaukaka ƙara ta yarda za ta ji shaidun da aka hana magana. Zauren ya fi na farko girma da sanyi, alƙalai uku a jere a sama, na tsakiya dattijo ne mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Kafin a fara, Yaya ta matsa kusa da akwatin da Auta ke tsaye, ta roƙi gandiroba, ta tura wa ƙanenta wata ƙatuwar alewa a baki.

"Tsotsa za ka yi, ban da tauna. In ta ƙare akwai wata. Ka buɗe bakin nan yau, ni da kai ne."

Aka fara da jami'in kwastan da ya duba kayan. Lauya ta tambaye shi ko shi ya gano hodar.

"A'a. Mun sallame shi. Har a sauka lafiya na yi masa."

"To ya aka yi ya shiga ofishinku?"

"Da kansa ya dawo. Da gudu."

"A aikinka, ka taɓa ganin mai fasa-ƙwauri da aka sallama ya dawo ya jona wa kayansa wuta?"

"Ban taɓa ba. Maigidanmu ma bai taɓa ba. Har yau ba a kunna fanka a ofishinsa."

Aka kira Anti Tela. Ta yi rantsuwa, ta ba da labarin filin da mijinta ya taɓa saya a hannun wani mutum da ya haɗu da shi a wurin mai shayi. An gaya masa fili ne a tsakiyar gari, hanya ta ko'ina. Da suka je gani sai suka tarar tsakiyar shataletale ne. Hanya kam ta ko'ina. Auta ya kafa turaku ya ja igiya, 'yan sanda suka zo suka cire, ya sake kafawa. Har gobe yana cewa ranar da aka kawar da titin za a ga wanda ya yi dabara.

Alƙalin da ke hagu ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Auta na tsotsar alewa da ƙarfi har ana ji.

Sai Yaya. Ba ta jira tambaya ba.

"Ya mai shari'a, ni na goya yaron nan, na san shi ciki da bai. Ya taɓa sayo aku a kasuwa, koriya shar. Ya saya mata keji, ya zauna gabanta safe da yamma yana koya mata sallama. Ranar da ruwan sama ya doke ta, koren ya zube a ƙasa. Tattabara ce."

Aka ji wani ƙwat. Auta ya haɗiye alewar.

"Saura kaɗan ta yi magana!" ya ce. "Har ta fara motsa baki!"

Dattijon alƙali ya ɗaga hannu, Auta ya yi shiru yana huci. Yaya ta zaro alewa ta biyu, amma gandiroba ya girgiza mata kai.

Lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara mutum ne mai lura. Tun da aka fara yake kallon fuskar Auta, ya ga inda take kumbura da inda take sacewa. Da aka ba shi dama ya miƙe a natse, ya juya ya fuskanci akwatin.

"Ya masu shari'a, kada a ruɗe ku. Mutumin da ke gabanku ba sakarai ba ne. Gawurtacce ne. Ƙwaƙwalwa ce da ba a cika samun irinta ba. Shekara da shekaru yana sayen tattabara da shataletale da gangan, don ranar da za a kama shi a ce ai wawa ne. Wa zai iya wannan dogon shiri in ba mai hangen nesa ba? Ni dai a aikina ban taɓa karo da mai wayonsa ba."

Ƙirjin Auta ya yi ta tasowa. Yana gyaɗa kai tun daga gawurtacce. Da aka zo hangen nesa ya kasa daurewa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana! Tun da aka fara shari'ar nan, yau ne na ji mai hankali ya yi magana."

Lauya ta rufe ido. Anti Tela ta ɗora hannu biyu a ka. Yaya ta miƙe tsaye.

"Auta! Ka rufe bakin nan ko in zo nan in rufe maka!"

"Baiwar Allah, zauna," in ji dattijon alƙali. "A kotun baya an rubuta maganarsa ba a tambaye shi komai ba. Mu bari mu tambaye shi." Ya sa aka rantsar da Auta, ya jingina da kujera. "Malam, ka ce ka san abin da ke cikin fankar."

"Sarai, ranka ya daɗe."

"Mene ne?"

"Hodar iblis." Ya faɗa da ƙarfi, ya dubi 'yan kallo.

"Madalla. Me ake yi da ita?"

A gidan yari ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar, don kowa na ganin raini ne a tambayi Giwa irin wannan.

"Shafawa ake yi," ya ce.

"A ina?"

"A fuska. Da wuya, in ana zafi. Manyan mutane dai, ba kowa ba."

Alƙalin hagu ya sake komawa ƙarƙashin tebur. Dattijon bai ko motsa gira ba.

"To wa za ka sayar wa?"

"Sayarwa?" Auta ya ɓata rai. "Ranka ya daɗe, amana ce fa. Ni ban taɓa sayar da kayan mutane ba. Fankar wani ta shekara a shagona ban taɓa ko kusarta ba."

"Wa za ka kai wa ke nan?"

"Mahaifiyar bawan Allahn nan mana, mara lafiya." Muryarsa ta sauka. "Tunda ma an zo wurin, ina da roƙo. Tun da aka kama ni nake tambayar gandirobobi, ba mai ba ni amsa. Tsohuwar nan an kai mata fankarta kuwa? Lokacin zafi ya zo ya wuce, ya sake zuwa. Abin na hana ni sukuni. In kotu ta riƙe waccan saboda shaida, akwai wata shuɗiya a shagona, bayan ƙofa, tawa ce ta kaina, na gyara ta tsaf. A taimaka a kai mata. Ɗanta zai ce na ci amana."

Ba wanda ya yi dariya, har mai aski da ya biyo su ya zauna a baya. Anti Tela ta sa bakin mayafi tana share ido. Dattijon alƙali ya dubi lauyan gwamnati ya tambaye shi ko yana da tambaya. Lauyan ya dubi takardunsa, ya dubi Auta, ya tattara su ya zauna.

Bayan 'yan makonni aka dawo jin hukunci. Dattijon ya karanta a hankali. Ya ce kotun baya ta yi kuskure da ta ɗauki fushi a matsayin amsa laifi, ta kuma yi kuskure da ta hana a ji shaidu. Ya ce ba a nuna wanda ya ɗaukaka ƙara ya san abin da ya ɗauko ba. Sannan ya gyara tabarau ya karanta sakin layi na ƙarshe.

"Kotu ta gamsu cewa mutumin nan ba shi da wayon da zai shirya wannan laifi, ko ma wani laifin da ya fi shi sauƙi. An soke hukuncin. A sake shi."

Yaya ta saki kuka mai ƙarfi har sai da ɗan sandan kotu ya zabura. Auta kuwa ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, wurin nan na ƙarshe, a ɗan sake—"

Bai ƙarasa ba. Anti Tela ta kama hannu ɗaya, Yaya ta kama ɗaya, gandiroban da ya kawo shi ya taimaka da turi ta baya. A farfajiya ya ƙwace ya tari gaban Lauya.

"Akwai kotun da ta fi wannan?"

"Akwai."

"To a kai can. Ban yarda da hukuncin nan ba."

"Malam Auta, kai ka yi nasara. Wanda ya yi nasara ba ya ɗaukaka ƙara."

"Wace irin nasara? A gaban mai aski fa aka karanta!"

"Ka je gida ka huta," in ji Lauya. Ta juya da sauri ta nufi motarta, ta shiga ta rufe gilashi, ta kifa kai a kan sitiyari. Sun daɗe suna hango motar tana girgiza ba a tada ta ba.

A gida 'ya'yansa da jikoki sun cika tsakar gida. Ya yi wanka, ya ci shinkafa faranti biyu, ya zauna a kujerarsa yana bayyana wa surukansa kurakuran da ke cikin hukuncin, har barci ya kwashe shi a tsakiyar magana, ƙaramar jikarsa na kwance a ƙirjinsa. Anti Tela ta hana kowa motsi. Ta rufe keken ɗinkinta, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi har rana ta yi sanyi.

Washegari ya buɗe shago, aiki ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Amma maganar kotun sama ba ta fita ransa ba. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai ya sa rigarsa mai kyau ya shiga gari neman lauya. Na farko ya ce masa ba a yi. Na biyu ya sa sakatariyarsa ta ce ba ya nan, alhali Auta na hango ƙafafunsa ta ƙasan labule. Na uku dattijo ne mai haƙuri. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya saurari labarin tun daga tasha har sakin layi na ƙarshe bai katse shi ba. Da Auta ya gama, lauyan ya ce lamari ne babba, yana bukatar nazari. Sannan ya shiga ɗakin ciki ya fito da dutsen gugar matarsa, ya ce ya daina zafi tun makon jiya, ko Malam zai duba.

Auta ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina wayar.

"Wa ya taɓa buɗe wannan?"

"Ni ne," in ji lauyan.

"Kada ka ƙara," in ji Auta. Ya saƙale dutsen gugar a hammata ya sauko bene.